Murfin Lagireto a Hanyar Gwaram

Shekarun baya, lokacin da aka yanke mana jihar Jigawa daga Kano, ina cikin ma'aikatan da aka ce kowa ya tattara komatsansa ya koma gida. Ni abin bai yi mini zafi ba, don Birnin Kudu aka turo ni, garinmu, in ci gaba da koyar da lissafi a wata sakandare. Abokan aikina suna ta jimamin rabuwa da Kano, ni kuwa tun a cikin motar haya hankalina na kan abu guda: motar mahaifina da ke fake a bayan gida, shekara shida ba ta motsa ba.

Mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin yana jan kaya tsakanin Kano da Damagaram har Agadas. A can ya haɗu da wani Bature da ya ƙetaro Sahara da wata mota 'yar Faransa, yana neman mai saye don ya hau jirgi ya koma ƙasarsu. Ƙofa biyu gare ta, silinda shida, ja wur kamar barkono, ga ta a ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi. Irin waɗanda ake tseren daji da su ce. Baba ya gan ta, ya ji kukan injinta sau ɗaya, bai ƙara samun barci mai daɗi ba sai da ya shigo da ita Birnin Kudu. Ina ɗan firamare a lokacin. In ya tashe ta da safe, har unguwa ta uku an san Baba zai fita.

Aibinta ɗaya ne, ba ta son zafi. Da sanyi ya wuce, rana ta fara gasa duwatsun garinmu, sai ta soma tafasa. Kuma duk bakaniken da aka kai wa sai ya cire mata wani abu. Na farko ya cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zagayen ruwa a inji, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Na biyu ya yar da kwanon da ke kewaye da fanka, wai yana hana shi sa hannu in zai canza fambel, wato bel ɗin fanka. Na uku da ya ga lagireto na yoyo sai ya fasa ɗanyen ƙwai biyu ya zuba a ciki, ya ƙara da garin barkono. Ruwa kuwa duk wanda aka samu, na rijiya ko na kududdufi, ɗura mata ake yi. Daga baya yana ta rufe wa Baba ido, ya daina tuƙi, aka tura ta bayan gida. Mahaifiyata ta mayar da ita rumbun albasa da kabewa.

Ina dawowa na fitar da albasar Inna, tana faɗa ina ba ta haƙuri. Na sa batir, na sa tayoyi, aka wanke kafireta. Ranar da ta tashi, wallahi sai da na yi tsalle a tsakar gida kamar yaro, ni malamin makaranta guda. Baba yana zaune a zaure, da ya ji ƙarar sai ya ɗaga kai, bakinsa na motsi.

Na wanke ta tas, na sa sabuwar hula, na fita zagaya gari don a san na dawo. Ban kai tasha ba tururi ya turnuƙe gaban motar. Kuma ba ta tashi mutuwa a ko'ina ba sai daidai teburin mai shayi, inda duk majalisar garin ke zama.

“Malam, matso da ita nan mana,” in ji mai shayin. “Dama itacena ya ƙare, sai in ɗora tukunya a kai.”

Daga ranar sunan motar ya koma Butar Shayi. Har ɗalibaina sai da na ji suna raɗa sunan in na juya ina rubutu a allo.

Sai ga yayana da tasa shawarar. Yayana manomi ne, ƙato, mai gona babba a hanyar Yalwan Damai, kuma ba mugu ba ne, mutum ne da ba ya son ganin abu a zaune ba ya aiki. Ya samo wani mai walda da ya ce zai yanke bayan motar, ya yi mata bodi, ta koma akori-kura, a riƙa kai taki gona ana kwaso amfani. A tafiyar gona ba gudu ake yi ba, in ta yi zafi a tsaya a ba ta ruwa. Da na ji kalmar yanka sai na ji kamar ni za a yanka. Muka yi ta musu har muryoyinmu suka kai zaure.

Baba ya kira mu, muka durƙusa. Ya saurari kowa, sannan ya yanke hukunci.

“Nan da sati biyar akwai ɗaurin auren 'yar ƙanena a Gwaram, bayan sallar Juma'a, kuma ni ne waliyyi. Motar nan ita za ta kai ni. In ta kai ni ba ta tsaya don zafi ba, taka ce, kai malam. In kuwa ta tafasa a hanya, yayanka ya kai ta a yanka, kada in ƙara jin bakin kowa.”

Tsakiyar bazara ake ciki, lokacin da ko ƙadangare ba ya tsallaka kwalta da azahar. Yayana ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu. Ni ma na ce amin.

Wani abokina ne ya nuna mini mai gyaran lagireto a bayan tasha. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Birnin Kudu har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Rumfarsa ƙarama, ba komai sai risho, dalma, da tsofaffin lagireto jingine a bango. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, yana girgiza kai.

“Malam, motar nan ba ciwo take yi ba,” ya ce. “Fashi aka yi mata. Wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne, duk abin da ya sa yana da aikinsa. Ku kuwa kowa ya zo sai ya ɗauke ɗaya, sannan ku ce ba ta da haƙuri.”

Ya zaunar da ni a kan benci, ni da nake koyar da mutane, ya yi mini darasi. Ya ce abu uku ke sanyaya inji: ruwa ya zagaya ba tare da ya toshe ba, iska ta ratsa lagireto, ruwan kuma ya zauna a matse kada ya tsere. Fanka ba tare da kwanonta ba, iskar gefe take ja, ba ta cikin lagireto ba. Tamostat kuwa in an cire, a irin wannan injin wani ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanya yana komawa inji bai je ya huce ba. Na riƙa gyaɗa kai kamar na sani tun da.

Da ya narkar da dalmar ya ɗaga saman lagireton, sai da na kau da kai. Rabin bututun sun toshe da wani farin abu mai tauri, ga ragowar ƙwan shekara goma. Ya ce wannan ya gama aiki, zai haɗa mini wani mai layi uku maimakon biyu, daga cikin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Amma damuwarsa ita ce cikin injin kansa, don duk hanyoyin ruwan haka suke, kuma maganin wankewa sai an je Kano, in ma an samu.

Na ɓantaro ɗan farin abin na kawo gida ina jujjuya shi a hannu. Inna ta karɓa ta murza.

“Wannan ne ya hana ka cin tuwo? Ai shi ne ke kama cikin butar ƙarfena saboda ruwan rijiyarmu. Tsamiya ake jiƙawa da kauri, a tafasa a ciki, a bar ta ta kwana. Da safe sai ka ga ya saki.”

Na kai wa mai lagireto wannan magana ina jin kunya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, can kuma ya tsaya ya ce, “Ka san tsohuwar nan ba ta yi ƙarya ba. Tsami ne dai ke cin abin. Kawo tsamiyar.”

Na kwashe rabin buhun tsamiyar Inna. Muka jiƙa, muka tace da ƙyalle sau uku, muka ɗura wa injin, muka tashe shi ya yi zafi, muka bar shi ya kwana. Da muka kwance tiyo washegari, abin da ya fito sai ka ce kunun kanwa da ya lalace. Sau uku muna yi, sannan muka yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau. Ni da mai lagireto muka tafa kamar mun ci gasar ƙwallo. Inna kuwa har damina ta faɗi tana gaya wa baƙi cewa mota ce ta shanye mata kunun bana.

Kwanon fanka ba a samu ba ko a Kano. Mai lagireto ya yanka kwali ya fitar da siffarsa, na kai wa wani tsoho a kasuwa da ke ƙera bokiti da mazurari. Ya juya kwalin sama, ya juya ƙasa.

“Ɗana, wannan wace irin tukunya ce ba gindi?”

Na ce ta mota ce. Ya ce to, shi dai bai taɓa yi wa mota kwano ba, amma ƙarfe ƙarfe ne. Kwana biyu ya ƙera shi, ya zauna daram kamar daga Faransa aka aiko shi. Tamostat da sabon murfin lagireto kuwa sai da na je Kano na yi yini guda a kasuwar Ƙofar Ruwa ina bin rumfuna kafin na samu.

Ranar da aka gama haɗawa, mai lagireto ya riƙe murfin nan a tafin hannunsa ya nuna mini wani ɗan sifirin a ƙasansa.

“Ka ga wannan? Duk wahalar da muka sha, a hannunsa take. In an ɗaure shi tam, ruwa na matse, ba ya saurin tafasa. In an sassauta, ruwan zai tafasa da wuri ya bi ta tiyo ya zube. Ka murɗa har sai ya tsaya cak. Kada ka bari kowa ya taɓa maka.”

Ya kuma haɗa tiyon hita, na'urar ɗumama cikin mota, wadda aka toshe tun zuwan motar. Na ce masa hita a Birnin Kudu, ai sai a ɗaure ni a kai ni asibitin mahaukata. Ya ce hita ƙaramin lagireto ce a wajen zaman mutane, duk ranar da na ga allurar zafin inji na hawa in kunna ta, za ta janye wa inji zafi ta juye mini a jiki. Na yi dariya na manta da maganar.

Sai gwaji. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku daɗin satin nan ba. Kullum ana tashi daga makaranta, rana na tsakiyar ka, sai in hau kwalta. In taka ta, ta yi wani gurnani daga ƙasa, sitiyari na rawa kaɗan a hannuna, bishiyoyi na wucewa fiu-fiu. Ido ɗaya a titi, ɗaya a kan allurar zafi. Allura ta hau tsakiya ta zauna, ko gezau. In tsaya a rana in bar inji na aiki minti goma, tana nan. In hau tudu da giya ta uku, tana nan. Na riƙa ihu ni kaɗai a cikin mota. A hanyar dawowa kuwa dole in bi ta gaban mai shayi, in rage gudu, in danna ham sau biyu, in ɗaga masa hannu. Allah ya yafe mini, a satin nan na yi girman kai na shekara guda.

Ranar Alhamis da yamma na duba komai: ruwa, mai, fambel, murfi. Na cika jarka da tataccen ruwa na sa a but. Na ce wa Inna ba a fafe gora ranar tafiya, don haka da safe ko bonet ba zan buɗe ba.

Juma'a da hantsi muka shirya. Baba ya sha farar babbar riga da ta ji sitati, na kama hannunsa na zaunar da shi a gaba. Yayana ya ce dole da shi za a je, don a yi komai a gaban shaida. Motar ƙofa biyu ce, kujerar baya ta yara ce, sai da muka naɗe shi kamar tabarma kafin ya shiga, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana ta Allah ya kiyaye hanya.

Rabin farko na tafiyar nan, ko yau aka ce in zaɓi awa ɗaya a rayuwata in maimaita, ina jin ita zan ɗauka. Muna fita gari Baba ya gyara zama, ya karkata kunne wajen inji.

“Ba ta ta huɗu,” ya ce. Na ba ta. “Yauwa. Ka ji muryarta ta dawo.”

Muka riƙa wuce ƙananan bas ɗin haya kamar a tsaye suke, fasinjoji na leƙowa ta taga. Baba ba ya gani sosai, amma duk motar da muka wuce sai ya faɗi irinta daga ƙararta, kuma bai kuskure ko ɗaya ba. Yana dariya, iska na kaɗa gemunsa. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun kafin idonsa ya rufe.

Mun wuce rabin hanya na saci kallon allura, sai na ga ta ɗan gota tsakiya. Na ce idona ne. Na sake dubawa, ta ƙara gaba. Sai na ji numfashin yayana a wuyana, ashe ya zuro kai ta tsakanin kujeru tun ɗazu.

“Malam,” ya ce a hankali, “allurar nan taka kamar hawan dutse take yi.”

Na ce haka take yi in an sha gudu. Ƙarya nake, sati guda ban ga ta yi haka ba. Na rage gudu, ba ta sauka ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma na rasa ta inda aka hau ni. Sai maganar mai lagireto ta faɗo mini, na miƙa hannu na murɗa hita har ƙarshe.

Ku yi tunanin bazara, rana tsaka, mutum uku cikin manyan kaya, sannan a buɗe musu bakin tanderu a ƙafafu. Yayana ya fara salati yana neman taga, ga shi tagar baya ba ta buɗewa. Sitatin rigar Baba ya narke ya manne masa a jiki.

“Kai, wa ya hura murhu a motar nan?” in ji Baba.

Na ce, “Baba, zafin inji nake ragewa.”

Allurar ta ɗan tsaya, ta ja baya kaɗan, can kuma ta ci gaba da hawa a hankali. Baba ya shaƙi iska, ya ji ƙamshin ruwan zafi.

“Ikon Allah,” ya ce. “Zafi take yi? Ni da na lallaɓa bayan gida da sassafe na sassauta mata murfi don ta sha iska?”

Haka tsofaffin direbobinmu suke yi, kowa ya sani: in za a yi doguwar tafiya a zafi, sai a murɗa murfin lagireto baya kaɗan, wai kada mota ta shaƙe. Shekara talatin Baba yana haka. Ya tashi da makantarsa, ya lalubi bonet, ya yi mini abin da ya ɗauka taimako ne, don yana so in ci. Yanzu ta yaya zan buɗe baki in ce wa mahaifina ya yi kuskure a kan mota, shi da ya koya wa rabin direbobin garinmu tuƙi, kuma a gaban babban ɗansa?

Na ce, “Baba, wannan sabon murfin ne wani iri. Mai gyaran ya ce irin na yanzu in ba a ɗaure su tam ba, ruwan guduwa yake yi.”

Ba abin da ake ji sai inji da hucin hita.

Allura ta taɓa ja. In na tsaya, mota ta tsaya don zafi, za a yanka ta. In na ci gaba, injin zai ƙone, a rasa motar gaba ɗaya, Baba kuma ya rasa ɗaurin auren da shi ne waliyyi. Gaba kura baya siyaki. Idona ya ciko da ƙwalla, ba zan ɓoye muku ba. Na yanke shawara gara a yanka ta tana da rai da in kashe ta da hannuna. Na ɗaga ƙafa daga totur, na buɗe baki zan ce Yaya ka ci, sai Baba ya riga ni.

“Kai, tsaya nan. Zan kama ruwa.”

Na gangara gefen titi. Baba ya laluba ya ɗauki butarsa, ya juya baya.

“Kai babba, fito ka riƙe mini hannu. Ka kai ni can ciki, inda ba a hango mutum daga titi. Ni ba na tsugunawa a idon jama'a.”

Aka sha fama kafin yayana ya warware kansa ya fito. Suka nufi cikin gonaki a hankali, tsoho da ƙaton ɗansa, har suka ɓace bayan wasu duwatsu.

Ban san ina da sauri haka ba sai ranar. Na bar injin yana aiki a hankali, na ɗaga bonet. Ga murfin nan a sassauce, ruwa na tsartuwa ta ƙaramin tiyo yana zuba ƙasa. Na jira hucin ya lafa, na ninka tsumma huɗu, na kau da fuska na cire shi. Duk da haka sai da tururi ya gasa mini babban yatsa. Na ɗauko jarka na riƙa tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan, hannuna na karkarwa, ina waiwayen duwatsun nan. Ta sha fiye da rabin jarka. Na mayar da murfi na murɗa har ya tsaya cak, na rufe bonet, na goge hannu, na koma na zauna kamar ba abin da ya faru. Ina kallo allura ta baro ja, ta sauko, ta sauko, ta zo tsakiya ta zauna. Na kifa kai a sitiyari ina ta hamdala.

Sun daɗe kafin su dawo. Da suka shiga, Baba ya gyara rigarsa da ta jiƙe sharkaf.

“Kashe murhun nan,” ya ce. “Sannan ka taka ta in ji. Kada a tayar da salla ba mu.”

Na taka ta. Wayyo, na taka ta! Silinda shidan nan suka buɗe murya gaba ɗaya, motar ta miƙe kamar an sake ta daga turke. Yayana da ke son a yanka ta, shi ne na ji yana cewa a baya, “Wuce wannan ma! Wuce shi!” Baba yana buga gwiwarsa da tafin hannu yana dariya. Allura kuwa ko motsi, har muka hango rufin kwanon Gwaram na ƙyalli a rana.

Muka isa ana kiran salla. Bayan an idar aka ɗaura aure, Baba ya ba da 'yar ƙanensa, aka shafa fatiha, aka raba goro. Da muka fito, mutane sun kewaye motar, tsofaffi na tuna zamanin da take zuwa garin. Ƙanen Baba ya dafa bonet ya ce, “Yaya, ashe tana nan? Har yanzu tana tafasar nan tata?”

Duk aka juyo. Na kalli yayana.

“To,” in ji yayana, yana susar ƙeya, “ta dai tsaya sau ɗaya a hanya.”

“Mota ba ta tsaya ba,” Baba ya ce. “Tsoho ne ya tsaya. Ko shi ma za ka kai shi wajen mai waldar a yanka?”

Wurin ya kece da dariya, har da yayana. A nan gaban jama'a Baba ya ce mota ta malam ce.

Na yi shekaru ina ba da labarin nan a majalisa a matsayin wayona. Ina cewa Allah ya taimake ni fitsari ya matsi Baba a daidai lokacin, ni kuma na yi wuf na gyara kafin Yaya ya farga. Baba bai taɓa tayar da maganar murfin ba har ya koma ga Allah, ni ma ban taɓa ba. Abin da na lura kawai, bai ƙara taɓa bonet ɗin motar ba.

Bayan rasuwarsa da 'yan kwanaki, ni da yayana muna zaune a zaure, baƙi sun ragu, sai hira ta kawo mu kan tafiyar Gwaram. Na fara ba shi labarin yadda na yi masa wayo. Ya dube ni ya girgiza kai.

“Kai dai malamin lissafi ne kawai,” ya ce. “Ka ɗauka Baba wani abu ya yi a bayan duwatsun nan? Ko tsugunawa bai yi ba. Tsayawa muka yi a rana, yana riƙe da hannuna, ya tuttular da ruwan butar a ƙasa. Ya ce mini, ‘Ƙanenka yana can yana gyara ɓarnar da na yi. Ka ga wani abu?’ Na ce ban gani ba, Baba. Ya ce, ‘To mu ƙara ba shi minti biyar, hannunsa rawa yake yi in ya tsorata.’”

Na tashi na zagaya bayan gida, na shiga motar na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na koyi abubuwa da yawa a kan sanyaya inji a sati biyar ɗin nan, kuma har gobe in na ga bakanike zai cire tamostat ya yar sai mun yi rigima. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne wannan: na taso ina ganin manyanmu ba sa cewa “na yi kuskure”, har ina ɗaukar hakan taurin kai. Ashe wasunsu suna faɗa, ba da baki ba ne kawai. Motar tana nan, ja wur, ina fita da ita ranar Juma'a. Yayana kuwa, da jaki da amalanke ya kai takinsa gona a shekarar nan, kuma bai taɓa ce mini uffan ba.